Babi na Tara: Tsakanin Allura da Faranti

Mun yi bayani a babin da ya gabata game da yadda mai ciwon sukari zai tsara cimarsa a cikin gidansa, inda uwargida ta san sa'ar da ake ɗora tukunya da sa'ar da ake saukewa, ta san girman malmalar da ya saba ci, har takan leƙo ta ce, "Malam, ka yi allurarka, ga shi na kusa kwashewa." To, amma ɗan Adam ba a gida kaɗai yake rayuwa ba. Ɗan kasuwa yakan tashi daga Kano zuwa Ikko ko Kwatano sarin kaya, ma'aikaci akan tura shi taro Abuja ya kwana a masauki, direba yakan yini bisa hanya, mahajjaci yakan yi makonni a ƙasa mai tsarki yana cin abin da aka dafa wa jama'a, ga kuma walima da liyafar biki, waɗanda yawan ƙin halartarsu kan kai mutum ga yanke zumunci. A duk waɗannan wurare akwai abu guda wanda yake suɓuce wa mai ciwon ya koma hannun wani, shi ne lokaci. A kan wannan mas'ala za mu tsaya a wannan babi, domin na lura ita ce mafi ƙarancin samun bayani a bakin masu ba da shawara, alhali kuwa ita ce mafi saurin kayar da mutum.

Galibin jama'a, idan aka ce musu mai sukari zai ci abinci a waje, abin da yake fara zo musu a rai shi ne zaƙi da maiƙo, su shiga yi masa kashedi a kan lemon kwalba da soyayyen nama. Kashedin nasu yana bisa hanya, za mu kuma zo kansa. Sai dai hawan sukari na 'yan sa'o'i, ga wanda yake kan maganinsa kuma ba wata rashin lafiya ce ta same shi ba, ɓarnarsa a hankali take taruwa, sai an yi shekaru ana maimaitawa kafin ta bayyana a ido ko ƙoda ko ƙafa; amma faɗuwar sukari, wadda takan auku idan allura ta riga abinci shiga jiki da tazara mai yawa, tana iya gusar da hankalin mutum yana zaune a kan kujerarsa, tun ba a kawo abin da ya biya ba.

Domin mu fahimci sababin haka, wajibi ne mu koma ga asalin halitta. Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa mutum wata 'yar tsoka a bayan tumbinsa, likitoci suna kiranta pankiriyas, wadda take fitar da sinadarin insulin, shi kuwa insulin shi ne yake buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga inda jiki zai amfana da shi ko ya ajiye shi. A jikin mai lafiya wannan aiki yana tafiya bisa wani mizani mai ban al'ajabi: in ya ci da yawa ta fitar da yawa, in ya ci kaɗan ta fitar da kaɗan, in abinci ya yi jinkiri ta dakata, ba tare da shi ya sani ba, balle ya yi lissafi. Da Frederick Banting da Charles Best suka yi aikinsu a kan insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin shekarar 1921, aka kuma yi wa yaro na farko allurar a watan Janairu na 1922, an ceci rayukan da a da ba su da makoma sai kushewa, kuma wannan ni'ima ce wadda godiyarta ba ta ƙarewa. Amma abin da aka iya zubawa a kwalba shi ne sinadarin kaɗai, mizanin bai shiga kwalba ba. Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce. To, haka allurar insulin take, muddin ta shiga ƙarƙashin fata babu mai iya janye ta, za ta yi aikinta a kan sa'arta ko an ci ko ba a ci ba, ko mai dafuwa ya cika alkawari ko ya saɓa.

Saboda haka ilimi na farko da ya wajaba a kan mai allura, tun kafin ya san abin da zai ci, shi ne ya san sunan allurarsa da sa'o'in aikinta, domin ba dukansu ne hali ɗaya ba. Abin takaici ne a ce mutum ya shekara goma yana yi wa kansa allura, in aka tambaye shi wace iri ce, iyakar amsarsa ita ce "mai garau" ko "mai kama da madara". Akwai mai gajeren zango ta da, irin su Actrapid da Humulin R, wadda ba ta fara aiki sai bayan kimanin minti 30, ƙarfinta ya kai maƙura tsakanin sa'a 2 zuwa 4, ta ci gaba da jan sukari har sa'a 6 zuwa 8; wannan ne ya sa likita yake umartar mai ita ya yi ta rabin sa'a kafin ya sa loma. Akwai kuma mai sauri, wadda ta fara fitowa kasuwa a 1996, irin su Humalog da NovoRapid da Apidra, wadda take fara aiki cikin minti 10 zuwa 20, ta kai ƙarfinta cikin sa'a guda ko biyu, ta ƙare cikin sa'a 3 zuwa 5. Sannan akwai mai dogon zango, kamar Lantus, wadda take tafiya a shimfiɗe kusan yini da kwana, ba ruwanta da abinci. Ita wannan ana yin ta a kan lokacinta na kullum, ko ana gida ko ana dawa, kuma fita cin abinci ba hujjar taɓa ta ba ce.

Wadda ta fi buƙatar a tsaya a kanta ita ce gaurayayyiya, irin su Mixtard 30, domin ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu saboda sauƙin kuɗi da sauƙin samu, kuma ita ce mafi tsananin sharaɗi. Kashi 30 cikin ɗari nata mai gajeren zango ne, sauran kashi 70 kuwa mai matsakaicin zango ne, wanda ƙarfinsa yake zuwa sa'o'i da dama bayan an yi allurar. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya yi ta da safe kafin karin kumallo ya riga ya ɗaukar wa kansa alkawarin abincin rana tun da hantsi, ko da yake ba zai sake yin wata allura da rana ba. Ga shi kuwa mun san al'adar tarurrukanmu: a rubuta abincin rana ƙarfe ɗaya, babban baƙo ya makara, jawabi ya bi jawabi, sai La'asar ta kawo jiki ba a buɗe kuloli ba. Mai irin wannan allura da yake zaune a layin gaba, yana jin nauyin tashi a gaban manya, yana cikin hatsarin da babu wanda ya san da shi a zauren sai shi kaɗai, wani lokacin ma har shi ɗin bai sani ba.

Bari mu ƙaddara wani dattijo ɗan kasuwar yadi, suna tafe da ɗansa, suka yada zango a wani gidan abinci na bakin hanya bayan sallar Magariba, rabonsa da abinci tun Azahar. Ya nemi sakwara da miyar agushi, yaron gidan ya ce, "Yanzu-yanzu, Alhaji." Jin haka sai ya koma mota, ya ɗaga rigarsa ya yi allurarsa ta yamma, domin likita ya ce masa rabin sa'a kafin ci, shi kuwa mutum ne mai bin umarni. Abin da bai sani ba shi ne doyar ko nuna ba ta yi ba, ga kuma wata babbar motar fasinja ta sauke mutane a ƙofar gidan, duk yaran sun koma kansu. Rabin sa'a ta wuce, sa'a guda ta cika. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi alhali fanka tana kaɗawa, carbin da ke hannunsa ya fara rawa, ya tambayi ɗansa ƙarfe nawa, aka gaya masa, bai jima ba ya sake tambaya. Can sai ya daka wa yaron gidan tsawa, shi da ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga a kasuwa ba. Ɗan ya matso ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, ƙyale ni." Wannan "ƙyale ni" ɗin ita kanta alama ce daga cikin alamomin ciwon, domin ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, idan ya yi mata ƙaranci abin da yake fara raunana shi ne hankalin da mutum zai gane da shi cewa yana cikin hatsari. In ɗan nan ya san abin da yake gani, kofin lemo guda zai warware matsalar cikin rubu'in sa'a. In bai sani ba, sai dai a kwashi dattijon a nemi asibiti cikin dare a garin da ba su san kowa ba.

Dattijon nan umarnin likita ya bi, sai dai umarnin an gina shi a kan sharaɗin da ba a faɗa ba, wato tabbacin cewa abinci zai zo a kan kari. Idan sharaɗi ya faɗi, hukuncin da aka ɗora a kansa yakan sauya, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu ya sani. Ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci a wannan babi ita ce, kada mutum ya yi allurar abinci bisa alkawarin wanda bai san halin murhunsa ba. Ga mai allura mai sauri al'amarin da sauƙi: ya auna jininsa yana jira, ya bari sai an dire farantin a gabansa, ya dubi yawan abin da ke ciki, sannan ya yi allurar ya ci. Gaskiya ne cewa a gida ya fi kyau ta riga abinci da kamar minti 15, domin ta tari sukarin tun yana tasowa, kuma wanda ya yi ta tare da lomar farko zai ga awonsa ya ɗan haura bayan cin. Amma idan cuta biyu suka haɗu, mai hankali ƙaramar yake ɗauka domin ya tsira daga babbar. Har ma an yarda, inda akwai larura, a yi irin wannan allura nan take bayan an gama ci, kamar ga yaro ƙarami wanda ba a san ko zai cinye rabonsa ba, ko baƙon abinci wanda mutum bai tabbata zai iya ci ba.

Mai allura ta da, ko gaurayayyiya, shi ne yake buƙatar dabara. Hanya mafi aminci gare shi ita ce ya zaɓi abin da ya riga ya dahu yana cikin kula, wanda ido ya gani, ya bar abin da sai an daka ko an soya ko an gasa bayan ya nema. Babu aibi ya tashi ya leƙa, ko ya kira babba a gidan ya ce, "Hajiya, ina da larurar sukari, zan yi allura, kuma in na yi ba ta jira, don Allah gaya mini gaskiya, mene ne a shirye yanzu?" Irin wannan magana takan sami amsar gaskiya, wadda tambayar "ya kusa?" ba ta samu. In ya riga ya yi allurar sai jinkiri ya faru, to kada ya zauna yana haƙuri, domin haƙuri a nan ba shi da lada. Ya ci yanka guda na burodi, ko ayaba ƙarama, ko biskit biyu-uku, ya rage kwatankwacinsa daga abincin in ya iso. Wata hanyar kuma ita ce ya jinkirta allurar sai farantin ya zo, sannan ya fara da nama da ganye da romo, yana ci a tsanake ana hira, ya bar tuwon ko shinkafar sai allurar ta fara kama jiki. Wannan tsari na gabatar da ganye da nama a kan sitaci yana da fa'ida ko ga wanda ba ya allura, domin bincike ya nuna yana rage tashin sukari bayan cin abinci. Idan kuwa walimar ta dare ce, an san ba za a ci ba sai bayan Isha'i da nisa, alhali mutum ya saba cin nasa da Magariba, sai ya taɓa ɗan abu kaɗan a lokacin da ya saba, domin ragowar allurar safe tana nan tana aiki, ya ajiye allurar yamma sai abincin ya tabbata. Iyakar sa'o'in da zai iya jinkirtawa kuwa, wannan tambaya ce da ya kamata ya kai wa likitansa tun kafin ranar ta zo.

Masu shan ƙwaya kada su ce wannan magana ba tasu ba ce. Metformin ita kaɗai ba kasafai take kayar da sukari ba, amma glibenclamide, wadda mutane da yawa suka sani da sunan Daonil, da 'yan uwanta irin su gliclazide da glimepiride, suna tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, kuma faɗuwar da glibenclamide take jawowa takan daɗe, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda.

Bayan lokaci sai adadi. Abin da yake ɗaga sukari kai tsaye shi ne sitaci da zaƙi: tuwo kowane iri, shinkafa, sakwara, teba, taliya, dankali, burodi, waina. Kofin shayi guda na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kimanin giram 45 na sitaci, yankan burodi guda kimanin giram 15, kuma mai gidan abinci, da yake neman a yaba masa a dawo gobe, ba ya zuba kofi guda; yakan tula biyu ko fiye, ya ɗora soyayyiyar ayaba a gefe. Wanda likita ya koya wa lissafin yunit nawa ne na allura ga giram nawa na sitaci, shi yana iya daidaita allurarsa da farantin. Wanda kuwa adadin allurarsa tsayayye ne, kamar galibin masu gaurayayyiya, shi farantin zai daidaita da allurar, ya tuna girman abin da yake ci a gida, ya keɓe kwatankwacinsa tun kafin ya fara, sauran ya sa a ƙunshe masa. Barin abinci a faranti saboda lafiya ba almubazzaranci ba ne in an ba wani ya ci. Kada kuma ya zarce iyaka ta ɗaya gefen, ya yi cikakkiyar allurarsa sannan tsoro ya sa ya ci nama da salak kaɗai, domin wannan ma hanyar faɗuwa ce. Abin sha shi ne ya fi yaudara: robar lemo mai zaƙi ta santilita 50 takan ɗauki kusan giram 50 na sukari, wato fiye da kofin shinkafa, kuma yana shiga jini da gaggawar da allura ba ta iya cim masa. Lemon malta, wanda jama'a suke ɗauka abin ƙarin jini ne har a kai wa marar lafiya dubiya, shi ma cike yake da sukari; haka zoɓo da kunun aya da fura ta sayarwa, waɗanda aka riga aka zuba musu sukari kafin su iso teburi.

Akwai kuma mas'alar maiƙo, wadda take rikita har waɗanda suka ƙware. Kitse da mai suna jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, inda ake tsotse sukarin. Wanda ya ci soyayyen dankali da soyayyiyar kaza, ko fiza, ko waina da ta sha mai da tsire mai kitse da ƙuli, zai iya auna jininsa bayan sa'a biyu ya ga lafiya lau, ko ma ya ga ya yi ƙasa, domin allurar ta riga abincin isa. Sai can bayan sa'a huɗu ko biyar, lokacin da allura mai sauri ta gama aikinta shi kuma ya yi barci, sukarin ya taso ya kwana a sama. Wasu likitoci sukan koya wa masu allura mai sauri su raba adadin gida biyu a irin wannan abinci, wani kaso da farko, sauran bayan sa'a guda ko biyu, haka kuma a liyafar da ake kawo abinci kashi-kashi. Wannan dabara ce mai kyau, amma ba a koyonta daga littafi, har da wannan da ke hannunka, ya mai karatu. A gaban likita ake koyonta. Abin da zan iya yin kashedi a kansa da ƙarfi shi ne ɗora allura a kan allura: mutum ya auna bayan sa'a guda ya ga adadi mai tayar da hankali, ya ƙara, ya sake aunawa ya sake ƙarawa, alhali ta farko ba ta kai ƙarfinta ba, sai duka su haɗu su rufto masa da tsakar dare. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne awo ya kasance ƙasa da 180 a sa'a guda zuwa biyu bayan fara ci, wato 10 a na'urorin da suke ƙirga da ƙaramin ma'auni, kuma in ya haura sau ɗaya saboda walima, a sha ruwa, a ɗan taka ƙafa, a sake aunawa kafin kwanciya.

To, in faɗuwar ta auku fa? Iyakarta a wurin likitoci ita ce awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ƙaramin ma'auni, kuma alamominta su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, matsananciyar yunwa, jiri, saurin fushi da ruɗewar magana. Maganinta giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko babban cokali guda na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, wannan lemon dai da muka hana a baya. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita, in ya tashi a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Lemon da aka rubuta ba shi da sukari ba ya amfani a nan, cakulan da nama da gyaɗa kuma maiƙonsu yana jinkirta su. In babu na'urar awo a kusa kuma alamomin sun bayyana, a ba da sukarin, kada a tsaya shakka. Amma idan mutum ya suma ko ya kasa haɗiya, haramun ne a ɗura masa wani abu a baki, domin zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefensa, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa, a kuma gaya musu tun daga ƙofa cewa mai allurar insulin ne. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan da kyau, domin sau da yawa akan ɗauki mai wannan hali a matsayin mai iska ko mai maye, a kewaye shi ana yayyafa ruwa ana tofi, lokaci yana tafiya. Addu'a alheri ce a kowane hali, sai dai a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti. Direba kuwa, ko ya farfaɗo ya ji garau, kada ya kama sitiyari nan take. A Ingila ƙa'idar da aka gindaya wa masu tuƙi ita ce su jira minti 45 bayan sukarin ya koma daidai, domin ƙwaƙwalwa tana riskar jini a makare.

Duk abin da muka faɗa yana da sauƙin fahimta, kuma na tabbata da yawa daga masu ciwon sun san rabinsa. Abin da yake hana aiki da shi, a ganina, kunya ce. Mu mutane ne masu sirranta larurarmu, kuma wannan ɗabi'a tana da kyawunta, amma ita ce take sa mutum ya yi allurarsa a gida ko a mota tun kafin ya shiga, don kada a gan shi da sirinji a yi masa wani zato, ita ce take sa ya ji jikinsa yana rawa ya yi shiru don kada ya katse wa surukinsa magana, ita ce kuma take sa in mai gida ya ce, "Haba Alhaji, ko rabi ba ka ci ba, ko girkin ne bai yi ba?" ya miƙa hannu ya ƙara abin da ya san zai cuce shi. Kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin shari'a, yana gaba da kiyaye abin da mutane za su ce. Allura mai siffar biro ta sauƙaƙa al'amarin ƙwarai, domin mai babbar riga yana iya yin ta a cikinsa yana zaune, na kusa da shi ma bai lura ba, mace kuma ta ɗan keɓe wurin sallar mata ta dawo cikin minti biyu. Kuma kowane wuri mai tsabta ya fi makewayin gidan abinci dacewa da wannan aiki. Wajibi ne a ce a cikin abokan cin akwai aƙalla mutum guda wanda ya san larurar, ya san aljihun da sukarin yake. Masu karɓar baƙi su ma akwai haƙƙi a kansu: idan baƙo ya ce yana da sukari, cikar karimci shi ne a tambaye shi ƙarfe nawa yake son nasa, a fitar masa da shi a kan lokacin ko sauran jama'a ba su fara ba, a kuma daina matsa masa da "ɗan taɓa mana".

Wanda zai fita da allurarsa ya kula da zafi. Kwalba ko biron da aka fara amfani da shi yakan jure kimanin mako huɗu a wajen firiji muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, ko abin da takardar cikin kwalin ta faɗa, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Insulin da ya sha zafi ƙarfinsa yana raguwa ba tare da kamanninsa sun sauya ba. A ɗauke shi a 'yar jaka mai riƙe sanyi, ko a naɗe shi da tsumma mai laima, kada kuma a jingina shi da ƙanƙara, domin daskarewa ma tana lalata shi.

Buɗe-bakin watan Ramadan a wajen gida yana tattara dukan waɗannan mas'aloli a zama guda, domin mutum yana zuwa da cikin da ya yini babu komai, a fara da dabino da kunu da ƙosai, a tashi sallah, sannan a kawo babban abinci a lokacin da Allah ya nufa. Wanda likita ya yarje wa azumi ya nemi a rubuta masa tsarin allurarsa na watan tun cikin Sha'aban, ya tambaya musamman wace loma ce allurar buɗe-baki za ta bi, ta farko ko ta bayan sallah. Ya kuma sani cewa shawarar da ƙwararru a kan ciwon sukari da azumi suka bayar ita ce a karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan rana ta faɗi, kuma huda yatsa domin awo ba ya ɓata azumi.

Galibin mutane gidajen abincin da suke zuwa ba su da yawa, abin da suke nema a can ma bai wuce kala biyu ko uku ba, kuma wannan abu ne da za a ci moriyarsa. Mutum ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta sunan abincin, da awonsa kafin ci, da yunit nawa ya yi da ƙarfe nawa, da minti nawa aka yi kafin a kawo, da awonsa bayan sa'a biyu da kuma kafin barci. In ya yi haka sau uku ko huɗu a kan abinci guda, zai san halin wannan farantin a jikinsa fiye da yadda kowane jadawali zai gaya masa, domin dafa-dukar wani gida ba ta wani gidan ba ce, jikin wani ma ba na wani ba ne. Wannan littafin zai riƙa kai wa likita ranar ganin asibiti, a kansa ne za a gyara masa adadi ko a sauya masa irin allurar in tafiye-tafiyensa sun yi yawa.